Malamin Gona a Kadawa: Aikin Baki Ya Fi Na Hannu

Ruwan da ke shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam daga Tiga yake tasowa, madatsar da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Gangarowa yake yi da kansa ta Ruwan Kanya, ya bi babban kanal, ya rarrabu cikin ƙanana har ya isa gonakin shinkafa da alkama da tumatir. Injiniyoyi sun gama lissafinsu tuntuni, suka tsara kadada 22,000 a kashin farko na aikin. Abin da ba su iya tsarawa ba shi ne yardar mutane. Kafin manoman da ke shan kanal ɗaya su yarda su yi shuka lokaci guda, ko su fito yashe hanyar ruwa rana guda, sai wani ya tsaya gabansu ya yi magana, maganar kuma ta shiga. Malamin gona ke nan.

A takarda, aikinsa shi ne ɗauko abin da masu bincike na Samaru da tasharsu ta Kadawa suka gano, ya kai wa manomi. A gona kuwa, sana'ar baki ce zalla. Yaro ya fito daga kwaleji da sunan kowane ƙwaro a ka, ya san awon taki a kadada, har darasin isar da saƙo ya yi, amma da Turanci, a jikin allo. Ran da aka ce ya tashi gaban dattijon da ya fara noman rani tun ba a haife shi ba, sai murya ta shaƙe, ido ya koma kan takarda. Da manoma sun ga haka, sai hira ta ɓarke a bayan taro.

Saboda haka ake fara koyon aikin da bin na gaba. Sabon malami yakan riƙa raka tsohon hannu, ya riƙe masa jaka, ya zuba ido. A nan zai gane ba a faɗa wa magana kai tsaye. Sai an yi sallama da salati, an ce wa dagaci ranka ya daɗe, an gaida liman, an ambaci sarkin noma, sannan a ce, "Iyayena, ba koya muku noma na zo yi ba, wani abu na gani na ce bari in kawo mu duba tare." Wanda ya tsallake wannan don sauri, ya tashi taron da hannunsa. Zai kuma gane ba a kiran mutane ranar kasuwa ko ranar da ruwa ya zo layinsu, kuma duk bayanin da aka fara bayan la'asar gara ya ƙare da sauran rana.

Inda gwaninta take fitowa shi ne wajen awo. Littafi ya ce kilo kaza a kadada, lita kaza a ruwa kaza. Manomi kuwa buhu ya sani da kwano, da murfi nawa zai zuba a injin feshi na goyo. Gwani yakan zauna tun a gida ya mayar da lissafin zuwa wannan ma'auni, ya maimaita shi a bakinsa har ya zauna. Idan zai ce a shuka alkama daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, ba ya tsayawa kan sunan wata, sai ya ce alkama 'yar sanyi ce, in zafi ya riske ta tana fitar da kai, ƙwayar shanyewa take yi. Kowa a wurin ya taɓa ganin haka a gonar wani, sai ka ga ana gyaɗa kai. A ganina, rabin ƙarfin zuciyar mai magana daga wannan shiri na gida yake zuwa. Wanda ya san amsarsa da kwano da murfi, gwiwarsa ba ta rawa.

Ba a rasa mai gwada shi. Wani zai ɗaga murya daga baya: "Malam, kai ina taka gonar?" Wani ya ce, "Duk mun ji, ina taki?" Sabon shiga yakan fusata, ko kuma, abin da ya fi muni, ya yi alkawarin takin da ba a hannunsa yake ba. Alkawari ɗaya da bai cika ba ya isa ya rufe masa kunnuwan ƙauye har shekaru. Tsohon hannu dariya zai yi, ya ce, "Gaskiyarka Alhaji, taki ba ni da shi, amma wanda ka saya da kuɗinka zan nuna maka yadda ba zai bi ruwa ba." Daga nan ya juya ga wani manomi da ake ganin girmansa, wanda ya riga ya gwada abin, ya ce, "Baba, faɗa musu abin da ka gani." Shi sai ya koma gefe ya yi shiru.

Hukumomi ma sun daɗe da gano wannan. Tsarin horo da ziyara da Bankin Duniya ya yaɗa a shekarun 1980, wanda hukumar KNARDA ta yi aiki da shi, a kan zaɓaɓɓun manoma ya dogara, su ji su gaya wa maƙwabta. Da shirin Sasakawa ya shigo Nijeriya a 1992, gonar gwaji ya sa gaba, manomi ya noma ta da hannunsa inda masu wucewa za su gani. Gani ya kori ji.

Sai dai malamin gona yana da kishiya, wato mai tallan maganin feshi da lasifika a kasuwa, wanda ya fi shi zaƙin baki nesa ba kusa ba. A 2016, lokacin da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir, kasuwar Kwanar Gafan ta yi fayau, kamfanin tumatir na Dangote da ke Kadawa ya tsaya a shekarar da ya buɗe, kowa maganin da zai kashe ta yau yake nema. Abin da ke bakin malamin gona ba mai daɗin ji ba ne: tsutsar cikin ganye take shiga, tana saba wa magani in an nace wa iri ɗaya, sai an riƙa sauyawa, a kuma kwashe ragowar shukar da ta kamu a ƙone. Mai lasifika ya sayar da kwalabensa ya bar gari. Malamin gona yana nan, da shi za a haɗu a masallaci ranar Juma'a.

Mafi wuyar taro shi ne na rabon ruwa. Tun da shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, maganar kuɗin ruwa da yashe kanal da cire kacala ta ƙara dawowa hannun manoma. Na bakin kanal ruwa ya ishe shi, na ƙarshen layi shinkafarsa tana bushewa, dukkansu kuma suna zaune a tabarma ɗaya. A nan balaga ba ta da amfani in ba a fara barin na ƙarshen layi ya amayar da abin da ke cikinsa ba. Malama mace kuma tana da nata fagen da namiji ba ya shiga, cikin gidajen Kura inda mata ke turara shinkafa.

Kira na ga masu horar da waɗannan matasa: kafin a ba yaro takardar kammalawa, a kai shi bakin kanal a Bunkure, a tara masa manoma, a karɓe takardar hannunsa, ya yi musu bayanin zuba taki da Hausa, su yi masa tambayoyi har su ƙoshi.