Ciwon baya a Doguwa: Abin da ya kamata mai tausa ya duba kafin ya ɗora hannu

Da zarar an fara girbin masara a Doguwa da Tudun Wada, ƙorafi ɗaya ne ke yawo a majalisu bayan sallar isha'i: baya ya riƙe, ƙugu ya ƙage, wuya ba ya juyuwa.

Maganin da ya fi kusa shi ne na gida. A shafa man zafi, a sa yaro ya hau baya ya tattaka, ko a kira mai tausa. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai a nufi wanzami ya yi ƙaho. Sau da yawa akan ji sauƙi, amma bayan kwana biyu ciwon ya dawo inda yake.

Matsalar ba ta yankin kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma adadin zai iya kaiwa miliyan 843 nan da 2050. A ƙa'idojin da ta fitar a Disamban 2023, hukumar ta sanya tausa cikin abubuwan da za a iya yi wa mai daɗaɗɗen ciwon baya, tare da motsa jiki da wayar da kai. Ke nan tausa ba aikin banza ba ce. Tambayar ita ce wa ya dace a yi wa, kuma a ina.

Ido kafin hannu

Likitocin fisiyo, waɗanda aka fi sani da masu gashin ƙashi, da kallo suke fara aiki. Za a sa mutum ya tsaya ba takalmi, a dube shi ta gaba da ta baya da ta gefe. Shin kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu? Ƙugu ya karkata? Kai ya zarce gaba? Wasu kan rataya igiya mai ɗan nauyi a ƙarshenta, irin wadda magina ke gwada miƙewar bango da ita, su kwatanta jikin da ita. Daga nan a ce ya yi tafiya, ya sunkuya, ya zauna ya tashi.

Duka wannan bai wuce 'yan mintuna ba, kuma ba ya buƙatar na'ura ko lantarki.

Abin da kallon ke tonawa shi ne sana'ar mutum. Manomin da ya yini duƙe da fartanya mai gajeriyar ƙota, da matar da ke ɗauko itace a ka ga goyo a baya, da ɗan acaɓa da ke shan ramuka a hanyoyin ƙauye, da mai haƙar ma'adinai a duwatsun Riruwai, dukkansu za su ce "bayana ne", alhali kowa da inda nauyin ya sauka masa.

Wani lokaci ma tushen ciwon ba a bayan yake ba. Mutumin da ƙafarsa ɗaya ta gajarce saboda shan inna tun yana yaro, ko karayar da aka ɗora ta haɗe a karkace, ƙugunsa ne ke biyan bashin a kowane taku. Ko shekara za a yi ana matsa masa baya, da ya miƙe ya taka ƙasa ciwon zai dawo. Ƙarin tudu a takalmi ɗaya zai iya yi masa abin da tausar ba ta yi ba.

Jikin da ba a taɓawa

Amfanin da ya fi wannan girma shi ne gane wanda bai kamata a tausa ba sam. Ƙullutun da ya turo a tsakiyar gadon baya, tare da rama da zazzaɓi da zufan dare, na iya zama tarin fuka da ya kama ƙashin baya. Taka irin wannan bayan na iya jawo shanyewar ƙafafu. Haka ciwon da ya biyo bayan faɗowa daga bishiya ko hatsarin babur, da wanda ya zo da mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari. Idan bayan ƙwauri ɗaya ya kumbura yana zafi, wataƙila jini ne ya daskare a jijiya, kuma murza shi na iya tura gudan jinin zuwa huhu.

Waɗannan na asibiti ne, ba na tabarma ba.

Sai dai akwai inda ake wuce gona da iri. Binciken masana bai nuna cewa akwai wata tsayuwa guda da ta dace da kowa ba, kuma mutane da dama na da 'yar karkata a jiki ba tare da wani ciwo ba. Mai tausar da ya ce wa mutum "bayanka ya lalace" don kawai ya ga kafaɗa ta ɗan sauka, tsoro ya ƙara masa. Abin da ya fi wahalar da baya shi ne daɗewa a yanayi ɗaya, ko da kuwa mai kyau ne. Shi ya sa shawarar da kan biyo bayan dubawar ba ta da tsada: a riƙa miƙewa tsakanin kunya da kunya, a raba buhu gida biyu, a durƙusa da gwiwa wajen ɗaga kaya.

Doguwa ce ƙaramar hukumar da ke can ƙarshen kudancin Jihar Kano. Wanda ya tashi daga nan zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sai ya ratsa dajin Falgore, ya ɓata yini guda da kuɗin mota mai yawa. Don haka a mafi yawan lokuta mai tausar unguwa ko mai ɗori ne ke fara ganin majinyacin, kuma shi ne zai ce masa ya kwanta a tabarma ko ya ce a nemo mota.