Teburin karatu a gida: darasi daga Suk al-Arabi

Duk ɗalibinmu da ya yi karatu a Khartum, musamman a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa, ya san Suk al-Arabi, kasuwar da ke daura da Babban Masallaci a tsakiyar birnin. Can ake sayen littafi da alƙalami da fitilar karatu, a ƙetare kogi zuwa Omdurman wurin kafintoci. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, ya ɗaiɗaita kasuwannin nan, aka wawashe shaguna, aka rufe makarantu. Iyalai da yawa sun tsere, har da jikokin Hausawan da suka zauna Sudan a hanyar hajji ko bayan yaƙin Burmi na 1903. Sojoji sun karɓe Khartum a Maris 2025, amma masu komawa da dama sun iske ɗakunansu wayam.

A irin wannan hali, kusurwar ɗaki ita ce makarantar yaro. Ko a gidajenmu da ke zaune lafiya, yaron da ba shi da wurin zama na kansa, karatunsa kan ƙare a kan gado.

Mu fara da katako. Kada ƙyalli ya ruɗe mu: teburin da aka matse da garin katako ba ya jure ruwa, ba ya jure ƙaura. Icce mai ƙarfi kamar maɗaci, ko bagaruwa wadda mutanen Sudan ke kira sunut, ya fi daɗewa, kuma kafinta na iya gyara shi. A girgiza teburin kafin a biya, a duba ƙarƙashinsa ko gara ta taɓa shi.

Sai tsayi. Ga babba, santimita 72 zuwa 75 ya wadatar, kujera kuma kimanin 45, yadda tafin ƙafa zai taka ƙasa. Yaron da ƙafarsa ke lilo, a sa masa ƙaramar kujerar tsuguno ya ɗora. Idan akwai kwamfuta, a nisanta fuskarta da ido tsawon hannu.

Haske ya zo ta hagun mai rubutu da dama, don kada inuwar hannu ta rufe rubutu. A tanadi fitila mai aiki da hasken rana saboda ɗaukewar wuta. Guguwar ƙura da suke kira habub 'yar'uwar hazonmu ce, don haka tebur mai aljihu ya fi, littattafai su samu mafaka.

Wanda bai da halin tebur, faffaɗan katako a kan tubala ya isa; magabatanmu da allo da tabarma suka zama malamai. Abin nema shi ne wuri tsayayye, nesa da talabijin, da lokacin da kowa a gidan zai girmama. Allah ya mayar wa 'yan'uwanmu na Sudan da zaman lafiya, ya albarkaci karatun 'ya'yanmu.