Bushewar Ido Wajen Masu Aiki da Na'ura a Iyakar Jibiya

A Magamar Jibiya, inda hanyar Katsina take miƙewa zuwa Maraɗi, aikin da a dā ake yi da alƙalami yanzu ya koma kan na'ura. Jami'an kwastan da na shige da fice suna wuni gaban kwamfuta, 'yan canji kuwa idonsu na kan waya. Wannan maƙala za ta duba illar haka ga ido.

Ƙwayar ido tana lulluɓe da wani siririn hawaye mai hawa uku, wato yauƙi a ƙasa, ruwa a tsakiya, sa'an nan maiƙo a sama wanda yake hana ruwan ƙafewa. Ƙiftawa ita ce take shimfiɗa shi. Mutum yakan ƙifta ido kamar sau 15 zuwa 20 a minti guda, amma idan ya ƙura wa na'ura ido, sai ƙiftawar ta ragu da kusan rabi. Daga nan hawayen yakan tsage, ido ya yi ja da raɗaɗi, rubutu ya riƙa dishi-dishi. A hunturu abin ya fi tsanani, domin busasshiyar iska da ƙurar manyan motoci suna ƙara ƙafar da shi. Wanda ganinsa ya dushe kuwa, yana iya karanta 8 a matsayin 3 a takardar kaya.

Likitoci sukan ba da shawarar a ɗaga kai duk bayan minti 20, a dubi abu mai nisan ƙafa 20 na daƙiƙa 20, a kuma ajiye na'urar ƙasa da saitin ido. In raɗaɗin ya ƙi tafiya, sai a nufi asibitin ido.