LEMON CITTA NA KWALBA: YADDA AKE GANE NA ƘWARAI, DA RABON MANOMIN ƘASAR NAN A CIKI

Bahaushe ya daɗe da sanin citta. Da ita ake daka yaji, da ita ake gyara kunu da fura da zoɓo, kuma ita ce ke sa lamurje ya ratsa maƙogwaro a lokacin shan ruwa. To amma a ƙasashen Turai da Amurka da Ostareliya, lemon citta ya zama sana'a ta musamman, inda kamfanoni ƙanana da matsakaita ke gasar wanda zai fi wani iya haɗi, masu saye kuma su jera kwalabe su riƙa kurɓa suna kwatantawa. Wannan al'amari ya shafi Nijeriya ƙwarai da gaske, domin a cikin waɗansu daga kwalaben nan masu tsada akwai cittar da manoman Kudancin Kaduna suka noma.

ASALIN ABIN

A yankin Yokshaya na ƙasar Ingila aka fara yin wannan abin sha, wajen tsakiyar ƙarni na 18. Akan zuba citta da sukari da lemon tsami a ruwa, a bar su su tsimu 'yan kwanaki. Ƙwayoyin yis su cinye sukarin, su fitar da iskar da ke sa kumfa, tare da ɗan sinadarin barasa. A 1892 wani masanin tsirrai mai suna Harry Marshall Ward ya binciki abin da mutanen Ingila ke tsima lemon da shi, ya gano cewa yis ne da waɗansu ƙwayoyin bakteriya ke zaune tare suna aikin.

Ana nan kuma sai wata hanya ta ɓullo. A 1767 Joseph Priestley ya gano yadda ake ɗura wa ruwa iskar gas, a 1783 kuma Jacob Schweppe ya mayar da abin sana'a a birnin Janeba. Daga nan aka sami lemon da ba a tsima shi ba, wato ruwa da sukari da ɗanɗanon citta kawai, a ɗura masa gas a rufe. Mafi shahara a wannan dangi shi ne Canada Dry, wanda John McLaughlin ya fito da shi a Toronto a 1904. Saboda haka lemon citta na kwalba ya kasu gida biyu: wanda aka tsima da wanda aka haɗa. Na farkon shi ne masu sana'ar zamani ke ta ƙoƙarin farfaɗowa da shi, ko kuma kwaikwayon ƙarfinsa.

MAGANAR BARASA

Akwai abin da ya kamata mai saye, musamman Musulmi, ya lura da shi. Sunan da Turawa ke kiran lemon da aka tsima, wato ginger beer, ma'anarsa giyar citta, kuma a farkon al'amari yana bugarwa. Yawancin waɗanda ake sayarwa yanzu da wannan suna an jera su cikin lemon da ba ya sa maye. Waɗansu babu barasa a cikinsu ko kaɗan, tun da ba a tsima su ba. Waɗanda aka tsima kuwa akan bar musu ɗan ɓurɓushi wanda bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Amma fa akwai irin su Crabbie's na asali, wanda giya ce sosai. Suna kaɗai ba ya raba gardama, sai an karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba. Hukuncin ɗan ɓurɓushin nan kuwa na malamai ne, su ya kamata a tambaya.

YADDA AKE ƊANƊANAWA

Masu kwatanta lemo suna da ƙa'ida. Sukan sanyaya kwalaben daidai wa daida, su zuba a kofuna iri ɗaya ba tare da ƙanƙara ba, sa'an nan su ɓoye sunayen don kada suna ko tsada ya ruɗi harshe. Da mai sauƙin yaji ake farawa a ƙare da mai zafi, ana kurkure baki da ruwa a tsakani.

Abin da ake fara dubawa shi ne launi. Lemon da aka yi da ainihin citta yakan yi duhu-duhu kamar ruwan tsari, wani lokaci har da ɗan laka a gindin kwalba. Duk da haka launi shaida ce mai rauni, domin ana iya kawo shi da sinadari. Na biyu ƙanshi. Ɗanyar citta tana da ƙanshi mai kama da na lemon tsami, busasshiya kuwa nata ya fi nauyi.

Na uku shi ne yaji, kuma a nan ne ilmin ya ke. Zafin ɗanyar citta daga wani sinadari ya ke fitowa mai suna jinjarol. In aka busar da ita, wani sashe nasa ya rikiɗe ya zama shogawol, wanda ya kusan ninka shi zafi. In kuma aka dafa ta, a sami zinjaron, mai sauƙin yaji da ɗan zaƙi. Shi ya sa kamfanoni biyu za su yi aiki da citta, ɗanɗanon ya sha bamban. Waɗansu masu haɗi sukan ƙara ruwan barkono don a ji zafi. Wannan nan take ya kan kama leɓe da bakin harshe, alhali yajin citta a hankali ya ke tasowa, ya sauka maƙogwaro ya ɗumama ƙirji. Na huɗu zaƙi, na biyar kumfa. Lemon kirki shi ne wanda sukarinsa bai danne cittar ba, gas ɗinsa kuma bai hana a ji ɗanɗano ba.

KWALABEN DA SUKA YI SUNA

Bundaberg, na kamfanin da aka kafa a 1960 a jihar Kwinslan ta Ostareliya, ana tsima shi har kwana 3, kuma a jikin kwalbar an umarci mai sha ya kifa ta kafin ya buɗe don cittar da ta kwanta ta gauraya. Zaƙinsa ya fi yajinsa, don haka ya fi dacewa da wanda bai saba ba.

Fentimans na Ingila ya samo asali ne a 1905, lokacin da Thomas Fentiman ya karɓi sirrin haɗin a matsayin jinginar bashin da ba a biya shi ba. Kwana 7 ake tsima shi, da ruwan 'ya'yan itace da waɗansu ganyaye, saboda haka ƙanshinsa na tsirrai ne, yajinsa kuma yana daɗewa a baki. Reed's, wanda ya shiga kasuwa a Kalifoniya a 1989, ya bi salon mutanen Jamaika, yana haɗa ɗanyar citta da ruwan abarba da zuma da lemon tsami, har mai sha ya ji 'ya'yan itacen kafin cittar. Old Jamaica da Stoney, wanda aka fi sani a Kudanci da Gabashin Afirka, na manyan masana'antu ne, masu zaƙi da yaji mai saurin kamu. Canada Dry shi ne mafi sauƙi a cikinsu duka. A 2019, bayan ƙararraki a Amurka, masu shi suka yarda su cire kalmomin da ke cewa da ainihin citta aka yi shi daga kwalabensu na can.

Sai Fever-Tree, kamfanin da Charles Rolls da Tim Warrillow suka kafa a Landan a 2004. Lemonsa na cikin masu tsananin yaji da ƙarfin ƙanshi, kuma kamfanin da kansa ke shelar cewa citta iri uku ya ke haɗawa: ta Kwaddibuwa, da ta Kocin a Indiya, da ta Nijeriya.

SUKARI

Kada daɗin citta ya sa a manta da sukari. Kwalbar Bundaberg mai mililita 375 tana ɗauke da kimanin giram 40, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ta kama wajen giram 50 ga babban mutum a yini guda, in ya tsaya a giram 25 ya fi. Birtaniya ta ɗora haraji a 2018 kan lemon da sukarinsa ya kai giram 5 a kowane mililita 100, Nijeriya kuma ta fara karɓar naira 10 a kan kowace lita a 2022. Mai ciwon sukari dai kada ya ɗauki lemon citta a matsayin magani.

RABON MANOMIN ƘASAR NAN

Nijeriya tana cikin ƙasashen da ke kan gaba a noman citta a duniya, tare da Indiya da Sin, kuma cibiyar noman tana Kachia da Jaba da Kagarko. Iri biyu aka fi nomawa, Tafin Giwa da Yatsun Biri, 'yan kasuwar waje kuma suna neman su saboda yawan mai da ƙarfin yajinsu. Sai dai akasarinta tsagawa ake yi a shanya a ɗura a buhu a fitar, ribar sarrafawa ta tafi ga wanda ya sa ta a kwalba. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Bugu da ƙari, a 2023 annobar ruɓewa ta afka wa gonakin yankin, manoma da dama suka yi asarar amfani har da irin shuka.

A gida kuwa, lemon cittar da mata ke yi a unguwanni, wanda ake tatsa daga ɗanyar citta da kanumfari da tsamiya ko abarba, sau da yawa ya fi na kwalba yawan citta. Abin da ya rage masa shi ne awo da tsabta da adana. Yau ya yi zaƙi gobe ya yi salam, a tsofaffin robobi ake ɗura shi, kuma in ya kwana biyu cikin zafi sai ya fara tsimuwa da kansa, kamar dai yadda na Yokshaya ya ke yi.

Waɗannan duka matsaloli ne da ilmi ke warwarewa. Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa da ke Umudike ita ke da alhakin inganta irin citta. Ɗaliban kimiyyar abinci a jami'o'i da kwalejojin fasaha suna iya tsara ma'auni da hanyar dafawa da rufewa. Ma'aikatan gona da na ciniki kuma su ne za su taimaki ƙananan masu sana'a su kai ga rajistar NAFDAC. Idan kowa ya riƙe nasa gefen, babu abin da zai hana a ga kwalbar da aka rubuta wa Kachia a jere da na Landan ranar da masu ɗanɗano suka zauna kwatantawa.