Katin Sauti: Abin Lura Ga Masu Aiko Da Rahoto Daga Makka

A shekara ta 2020 ne hukumomin Saudiyya suka sanya Hausa cikin harsuna 10 da ake fassara huɗubar Arfa a cikinsu kai tsaye daga masallacin Namira. To amma tun kafin wannan lokaci muryar Bahaushe take tashi daga Makka a kowace shekara, ta bakin wakilan gidajen rediyon Kano da Kaduna da Yamai da kan biyo alhazai. A yau akan yi wannan aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma ingancinsa ya rataya ne a wuyan wata 'yar na'ura da ake kira katin sauti, wadda ke karɓar murya daga makirufo ta mayar da ita lambobin da kwamfuta ke fahimta.

Wannan batu ya ƙara taso ne bayan da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba ba wa Windows 10 a ranar 14 ga watan Oktoba na 2025. Da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutoci ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, saboda haka wasu masu su suka koma ga Linux, wadda kyauta ake samunta. Sai dai ba kowane kati ne yake jituwa da ita ba.

Dalili kuwa shi ne, tsakanin kati da kwamfuta akwai wata manhaja mai suna direba, wadda aikinta tamkar na tafinta ne. Idan kamfanin da ya ƙera katin ya ɓoye asirin yadda yake aiki, to da wuya wani ya iya rubuta masa direba in ba shi ba, kuma duk ranar da ya daina, katin na iya zama kayan ado. Idan kuwa asirin a buɗe yake, masana na kowace ƙasa za su ci gaba da gyara shi. Wannan ne aikin shirin ALSA, wanda Jaroslav Kysela ɗan ƙasar Cek ya fara a 1998, wanda kuma ya zama ginshiƙin sauti a Linux tun daga 2003.

Tarihi ya nuna cewar sunan kamfani ba ya wadatarwa. Creative na ƙasar Singafo, wanda katinsa Sound Blaster ya mamaye kasuwa bayan fitowarsa a 1989, ya fito da samfurin X-Fi a 2005, amma sai a ƙarshen 2008 ya buɗe asirin direbansa, kana aka shigar da shi cikin Linux a 2009. Wato waɗanda suka saya da wuri sun yi jiran shekaru huɗu.

Ga mai niyyar saye a shagunan Aziziyya ko na Jidda, hanya mafi sauƙi ita ce neman katin waje da ake jonawa ta kafar USB, wanda ya bi ƙa'idar bai-ɗaya da kamfanoni suka amince da ita a 1998, aka kuma sabunta a 2006. Direba guda ne a cikin Linux yake hidima ga irin waɗannan katuna. Alama mai kyau ita ce a ga an rubuta a kwalin cewar katin yana aiki da iPad ba tare da ɗora wata manhaja ba. Bugu da ƙari, ya kamata a fifita mai maɓallan ƙara murya a jikinsa, domin wasu katunan sukan yi sauti, amma saitinsu na cikin manhajar da aka yi wa Windows kawai.

Abu mafi muhimmanci dai shi ne gwaji. Mai saye ya je da kwamfutarsa, ya jona katin a gaban mai shago, ya ɗauki muryarsa da manhajar Audacity, ya saurara kafin ya biya. Kwanakin aikin Hajji ƙididdigaggu ne, tsayuwar Arfa kuwa yini guda ce. Wakilin da sai a Mina ya gano katinsa ba ya ɗaukar murya, sai dai ya tari baɗi.