Waya, tabalet ko kwamfuta: wace ce za mu saya?

Bayan kaka, in an sayar da wake ko albasa, kuɗi na shiga hannu. A lokacin nan ne mutum ke tunanin sayen abin da ya daɗe yana so. A da, rediyo ne ko keke. Yau kuwa, waya ce, ko tabalet, ko kwamfuta.

Bara wani ɗalibin ajinmu ya sayar da wakensa, ya tafi birni. Ɗansa na ci-rani a Abijan, shina so ya riƙa ganin fuskarsa in suna magana. Mai kanti ya nuna mashi tabalet babba mai ƙyalli, ya saya. Da yamma ya kawo ta aji, ya ce: "Malam, ina ake sa fus a nan?" Munka juya ta gaba da baya, ba mu ga wurin sa fus ba. Ashe irin wadda ke aiki da wifi kaɗai ce, ga shi garinmu babu wifi. Da ya koma, mai kanti bai karɓe ta ba sai da ya rage mashi kuɗi masu yawa. Gumin damina guda ya zube.

Don kada wannan ya samu wani, bari mu dubi abubuwan nan uku, ɗaya bayan ɗaya.

1. Mi ya bambanta su?

Dukkansu dangi ɗaya ne. Kowace na da fuska ta gilashi, da batir, da ƙwaƙwalwar da ke yin aiki a ciki. Girma da irin aiki ne sunka raba su.

Waya mai shafawa ita ce ƙarama. In an auna fuskarta daga kusurwa zuwa kusurwa, tana kai santimita 15 zuwa 17. Tana shiga aljihu. Irin wannan waya ta yaɗu a duniya bayan da kamfanin Apple na Amurka ya fito da iPhone a 2007. Wayoyin Android, waɗanda munka fi sani a nan, sun biyo baya a 2008.

Tabalet kamar allon ɗan makaranta take. Mafi yawansu na da fuska mai santimita 20 zuwa 28. Da yatsa ake shafa ta kamar waya, amma ba ta shiga aljihu. Ta samu karɓuwa tun daga 2010, shekarar da anka fito da iPad.

Kwamfutar cinya, wadda a ofis ake ce ma ordinater, tana buɗewa kamar littafi. Sama fuska ce, ƙasa kuma maɓallan baƙaƙe ne da ake bugawa da yatsu. Ita ce babba, ita ce mai nauyi, kuma galibi ita ce mai tsada.

2. Amfanin waya

Waya na yin aiki da yawa. Da ita ake kira, ake aika saƙo, ake karɓar kuɗi daga ɗan uwa na nesa. Da ita manomi ke jin farashin gero a Maraɗi ko na albasa a Galmi tun bai ɗaura kaya ba. Tana ɗaukar hoto, tana haska hanya da dare.

Ga mu masu koyon karatu, waya abokiyar aiki ce. A shekarun 2009 da 2010 an yi wani gwaji mai suna ABC a ƙauyukan jihohin Damagaram da Doso. A wasu azuzuwan yaƙi da jahilci an koya ma ɗalibai rubuta saƙo da waya. A wasu kuma an yi karatu da allo da alli kaɗai. Da anka yi jarrabawa, masu aiki da waya sun fi samun sakamako a rubutu da lissafi. Ku lura, ƙananan wayoyi ne masu maɓalli anka yi aiki da su, masu arha.

Dalili a fili yake. Wanda ke rubuta saƙo kullum ba ya manta baƙaƙe. Yau ma ana iya sa baƙaƙen Hausa a wayar Android, har da masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Sai dai a yi hattara da saƙon murya na WhatsApp. Yana da sauƙi, amma wanda ya dogara da shi kaɗai, hannunsa zai sake mutuwa. Ko layi ɗaya ne, mu riƙa rubutawa.

Aibin waya shi ne ƙanƙantar fuska. Rubutu na fitowa ƙanana. Mai shekaru, wanda idonsa ya fara rauni, yana shan wuya in zai karanta shafi mai tsawo.

3. Amfanin tabalet

A nan ne tabalet ta fi waya. Baƙaƙe na fitowa manya. Shafin littafi na fitowa kusan yadda yake a takarda. Mutum huɗu ko biyar na iya zama a tabarma ɗaya, su kalli bayanin yadda ake haɗa takin gargajiya ko yadda ake yi ma dabbobi rigakafi. Yaro ɗan lakwal na iya bin baƙi da yatsa, kamar yadda yake yi a allo. Batirinta ma ya fi na waya girma.

Amma tana da nata matsaloli, kuma ya kamata a san su tun kafin a fidda kuɗi.

Na farko, tabalet iri biyu ce. Akwai mai ɗaukar fus, akwai mai wifi kaɗai. Ta biyun ta fi arha, shi ya sa take ruɗin mai saye. A garin da babu wifi, ba ta shiga intanet sai in an jona ta da wayar wani.

Na biyu, ba abin yawo ba ce. Ba a zuwa gona da ita, ba a sa ta aljihu ranar kasuwa. Wanda ya sayi tabalet, zai ga har yanzu yana bukatar waya.

Na uku, gilashinta na da faɗi, saurin fashewa gare shi. In gilashin waya ya fashe, masu gyara sun cika kasuwa, kayan gyara kuma na samuwa. Na tabalet kuwa, sau da yawa sai an aika birni, wani lokaci a rasa irinsa.

4. Amfanin kwamfuta

Kwamfutar cinya ta mai rubutu da yawa ce. Magatakardan ƙungiya da ke riƙe da sunayen mambobi da lissafin bankin cimaka, shi ke bukatarta. Haka ɗalibin jami'a, da mai rubuta ma mutane takardu. Bugu da yatsu goma ya fi shafa gilashi sauri nesa ba kusa ba. Jera lissafi layi layi ma ya fi sauƙi a kanta.

Sai dai tana cin wuta. Cajar waya na jan wat 10 zuwa 20, ta kwamfuta kuwa wat 45 ko 65. Ƙaramin farantin hasken rana da ke cika waya ba ya isarta. Batirinta awowi kaɗan yake yi, in ta tsufa ma sai an bar ta jone da wuta. Mafi yawansu ba su ɗaukar fus. Kuma sai an koyi aiki da ita. Wanda bai ƙware da karatu ba tukuna, ajiye ta zai yi a ɗaki ƙura ta rufe ta.

5. Kafin a biya kuɗi

Ko wace ce mutum ya zaɓa, ga abin da ya kamata ya duba.

A tambayi girman rumbunta. Rumbu shi ne wurin da hotuna da littattafai ke zama, da giga ake auna shi: 32, 64, 128. Mai giga 32 na saurin cika. In da hali, a nemi mai 64.

A tambayi RAM. Ita kamar masussuka ce, wurin da ake baza aiki. In masussuka ta yi ƙanƙanta, aiki ba ya sauri. Mai giga 2 na yawan tsayawa, mai giga 4 ta fi.

A sa fus ɗinka a ciki tun a kanti, a yi kira, a ga rezo ya kama. A jona caja a ga tana ɗaukar wuta. A karɓi takardar saye mai ɗauke da kwanan wata.

In ta hannu ce, wato wadda wani ya yi aiki da ita, mai ita ya cire sunansa da lambar sirrinsa a gabanka. In ba haka ba, wata rana za ta kulle, kuma buɗe ta sai an sha wuya. Abin da arharsa ta yi yawa, a yi shakkarsa, mai yiwuwa na sata ne.

Bayan saye, sai kulawa. Zafin bazara na kashe batir. Kada a bar ta a rana, ko a ƙarƙashin matashi tana caji. Batirin da ya kumbura haɗari ne, a daina aiki da shi. Da hunturu kuma a rufe ta saboda ƙura.

6. To, wace za mu saya?

Aikin da za a yi shi ke zaɓen kayan aiki. Ba a noma da lauje, ba a girbi da hauya.

In abu ɗaya kaɗai kuɗinka za su iya saye, sayi waya. Ita ce ke yin kira, da saƙo, da kuɗi, da ɗan karatu, duk a aljihu ɗaya.

In kana da waya, kuma kana son karatu da manyan baƙaƙe, ko kana da yara ƴan lakwal, tabalet na da amfani. Ta fi dacewa ma a saye ta a ƙungiya. Ajin yaƙi da jahilci ko ƙungiyar mata na iya haɗa kuɗi su sayi guda, a ba mutum ɗaya amanarta.

In aikinka rubutu ne da lissafi kullum, kuma akwai wuta a inda kake, sayi kwamfuta.

Ɗalibin nan namu, da abin da ya rage mashi, waya ya saya daga baya. Yanzu ranar Juma'a yana ganin ɗansa, sauran kwanaki kuma yana rubuta mashi saƙo da hannunsa. In ya yi kuskuren baƙi, ya kawo aji mu gyara tare.

Tambayoyi

1. Don mi tabalet ɗin da ɗalibin nan ya saya ba ta yi mashi amfani ba?
2. Mi gwajin da anka yi a Damagaram da Doso ya nuna?
3. Faɗi abu biyu da tabalet ta fi waya, da abu biyu da waya ta fi tabalet.
4. Wane ne ya kamata ya sayi kwamfutar cinya?
5. Rubuta a kayenka abubuwa uku da za ka duba kafin ka biya kuɗi.