Karatun O.T.: Shakkun Ɗalibai da Guraben Aikin da Ke Wajen Asibiti

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, gidaje da yawa a Bauchi sukan zauna shawara. Yaro ya nemi likitanci maki bai kai ba, ko yarinya ta nemi aikin jinya gurbi ya cika, sai wani ɗan'uwa ya ce a duba sauran kwasa-kwasan lafiya. A nan wasu ke fara jin labarin fannin da ma'aikatan asibiti ke kira O.T., wato jinyar da ke mayar da mutum kan ayyukansa na yau da kullum bayan ciwo ko nakasa. Tambayar mahaifi ta farko ba ta wuce, "To kai likita za ka zama ko nas?" Idan yaron ya ce, "Baba, ba ko ɗaya," sai ta biyu ta biyo baya: "Wa zai ɗauke ka aiki?" Tambayoyi ne masu ma'ana, kuma sun cancanci amsa ta gaskiya.

Mene ne aikin?

Jama'a sun san sashen gashi, inda ake motsa gaɓoɓi don ƙarfi ya dawo, ciwo ya ragu, mutum ya miƙe ya taka. Jami'in O.T. abokin aikinsu ne, amma abin da yake tambaya dabam ne: me wannan mutumin yake yi da rayuwarsa kafin ya kwanta, kuma ta yaya zai koma yin sa?

A ɗauki misalin tela a kasuwar Wunti wanda hawan jini ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki na dama. An sallame shi daga asibiti, yana ɗan takawa da sanda, kowa na cewa an samu sauƙi. Amma a gida ba ya iya ɗaure tazugen wandonsa, ba ya iya riƙe buta ya yi alwala, tsuguno a masai ya gagare shi, kuma kunyar cin tuwo da hagu ta sa ya daina cin abinci a gaban yaransa. Jami'in O.T. zai koya masa sa riga da hannu ɗaya, ana fara zura hannun da ya raunana. Zai naɗe mariƙin cokali da robar tiyub har ya yi kauri yadda yatsu masu rauni za su iya damƙa. Zai sa kafinta ya huda kujera a ɗora kan masai, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a maye tazuge da roba. Daga nan sai a koma kan keken ɗinki a duba: wane aiki zai iya, wanne zai bar wa yaran shago? Wata rana ka ga ya koma yanka da duba aiki, abincin gidansa bai yanke ba.

Fannin ya girmi yadda ake zato. A watan Maris na 1917 aka kafa ƙungiyarsa ta farko a garin Clifton Springs na jihar New York a Amurka. Cikin mutum shida da suka kafa ta, likita ɗaya ne kawai, William Rush Dunton, likitan ƙwaƙwalwa. Biyu masu zanen gine-gine ne, akwai malamar sana'ar hannu, akwai ma'aikaciyar jin daɗin jama'a. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara masa ƙarfi saboda ɗimbin sojojin da suka dawo da raunuka. Tun tushe ke nan aikin ya haɗa asibiti da gini da makaranta da sana'a.

Inda shakkun ke da tushe

Na farko, wuraren karatun kaɗan ne. Waɗanda aka fi sani su ne Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, mai ba da digiri, da Makarantar O.T. ta Tarayya da ke Oshodi a Legas. Daga Bauchi tafiyar yini ce cur, ga kuɗin mota da masauki, ga iyayen da ba su cika son 'ya mace ta yi nisa haka ba. Na biyu, guraben gwamnati ba su da yawa. An fi saba ganin sashen a manyan asibitocin tarayya na ƙashi da na ƙwaƙwalwa, irin na Dala a Kano da na Barnawa a Kaduna. Na uku akwai maganar martaba: wanda ya sha wahalar karatun sassan jiki tare da ɗaliban likitanci ba ya jin daɗin a riƙa tambayarsa ko shi mai tausa ne. Na huɗu, aikin na son haƙuri. Ana iya shafe watanni ana koya wa yaro kai loma baki.

Masu hangen fita waje ma su sani ba a shiga kai tsaye. Birtaniya na buƙatar rajista da hukumar da ke kula da irin waɗannan ma'aikata, Amurka kuma sai da karatu daidai da digiri na biyu da cin jarrabawar hukumarsu.

Sai dai ƙarancin gurbi ba ya nufin ƙarancin buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.4 a duniya na fama da larurar da ke buƙatar irin wannan farfaɗowa, kuma kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya na rayuwa da nakasa mai tsanani. A nan gida ba sai an nemi alƙaluma ba. Akwai masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda suka karye a haɗarin babur ko a hanyar Jos da ta Kano, da yaran da doguwar naƙuda ko shawarar jarirai ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, da waɗanda kuturta ta cinye wa yatsu. An ayyana Najeriya ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji a watan Agusta na 2020, amma waɗanda cutar ta riga ta nakasa suna nan tare da mu. Yawancin waɗannan mutane suna gida, a tsakar gida da zaure, can kuma aikin yake.

Hanyoyin da ba na asibiti ba

Ta farko ita ce jinyar gida. Iyalai da yawa na biyan kuɗin Keke Napep su kai majinyaci asibiti sau ɗaya a mako, sauran kwana shida yana kwance. Jami'in da zai je gida ya ga ɗakin da banɗakin, ya koya wa uwargida ko babban ɗa yadda ake ɗaga mara lafiya ba tare da an gurɗe masa kafaɗa ba, yana sayar da abin da ake matuƙar nema. Mace ma'aikaciya ta fi samun dama a nan, don tana shiga inda namiji ba ya shiga.

Ta biyu makarantu. Cibiyar ilimi na musamman da ke Yelwa a Bauchi da makarantun kuɗi da ke ƙaruwa a gari duk suna da yaran da riƙe fensir ko zama wuri ɗaya ke ba wa wuya, wasu ana yi musu kallon daƙiƙai ko marasa ji. Yaron da ba ya iya zama da kansa, kujerar katako mai kusurwa da aka auna daidai jikinsa na iya tayar da shi daga kwance ya ga allo.

Ta uku ƙera kayan taimako. A Kano, ƙungiyar masu shan-inna ta daɗe tana ƙera kekunan guragu da hannunta. Muna da masu walda da kafintoci da dukawa a Bauchi. Abin da suka rasa shi ne mai ilimin jiki da zai ba su awo, don keken da bai dace da mai shi ba na haifar da gyambon zama.

Ta huɗu ba da shawara kan gine-gine. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara yadda kowa zai iya shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Duk da haka sau nawa ake ganin gangaren da aka yi wa masu keke a ƙofar banki ko ofis ya miƙe har mai ƙafa biyu ma sai ya yi hattara? Ƙa'idar da aka fi bi ita ce, duk tashin ƙafa 1 na buƙatar tsawon ƙafa 12. Wanda ya san irin wannan yana da abin faɗa wa magina da hukumomi.

Ta biyar farfaɗo da masu shaye-shaye da masu taɓin hankali. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun sha miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. Matashin da ya daina sha ya dawo gida ba aikin yi, komawa zai yi. Tsara masa yini da sana'a na cikin ainihin aikin O.T. Akwai kuma ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Arewa maso Gabas, da koyarwa, da bincike, da wayar da kai ta rediyo da waya cikin harshen Hausa.

Kafin yanke shawara

Mai shakku ya fara gano irin shakkunsa. Idan taɓa jikin mara lafiya, da yawu, da jinkirin samun sauƙi ne ba ya iya jurewa, gara ya nemi wani fanni tun da wuri, ba abin kunya ba ne. Idan kuwa tsoron maganar mutane ne ko rashin takardar ɗaukar aiki, wannan yana da magani. Gani ya kori ji: ya nemi izini ya yi 'yan kwanaki a sashen gashi na Asibitin Koyarwa na ATBU ko na Asibitin Ƙwararru da ke Bauchi, ya ga majinyatan, ya tambayi ma'aikatan.

Ya kuma tabbatar makarantar da zai shiga na da amincewar hukumar MRTB, wadda dokar soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa don yi wa masu gashi da O.T. da gyaran magana rajista. Ba a taɓa majinyaci sai da lasisinta, ko a asibiti ko a gida. Bayan lasisi, yana da kyau a yi 'yan shekaru ƙarƙashin gogaggu kafin a tsaya da kai, a haɗa da koyon lissafin kasuwanci, domin mai jinyar gida shi ne zai sa farashi, ya riƙe littafi, ya nemo abokan hulɗa.

Iyaye kuma su tambayi ɗansu wane aiki zai iya yi da karatun, da wa zai amfana, da yadda zai ci abinci da shi. Idan ya kawo amsa mai gamsarwa bayan ya je ya gani da idonsa, su sa masa albarka ya tafi.